Numfashin Ladanin Dakko

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata makaranta a Talata Mafara ba, mahaifiyata ta yi wani abu da har gobe in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Amma ba za ku gane girman abin ba sai na fara gaya muku ko wane ne mahaifina.

Mahaifina manomin shinkafa ne a Dakko, cikin ƙasar Bakura, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu tun ban san hannun damana ba. Allah ya ba shi murya, amma ba muryar ce ta yi masa suna ba, ja ne. In ya kama "Hayya alas-salah" sai ka rantse ba zai sake ta ba sai gobe. Har tsokana mutanen garinmu suke yi, wai in Malam ya fara ja kana gona, za ka saɓa fartanya, ka iso gida, ka yi alwala, ka tarar bai sauke ba. Ƙarya ce mana, amma irin ƙaryar da yake jin daɗinta. Da aka sa wa masallacin lasifika mai aiki da hasken rana kuwa sai abin ya ƙaru, har ƙauyukan kusa suna jin sa.

Ita kuma mahaifiyata Bafulatanar Janbako ce, can wajen Maradun, ni ne kuma ɗanta na fari. Wanda ya san Fulani ya san abin da nake nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallon idona. In tana son in ɗauko mata tabarma sai ta fuskanci bango ta ce, "Ko akwai mai hannu gidan ga?" Da na yi aure na koma Mafara, ko ƙofar gidana ba ta sani ba, sai dai aike.

To wata Talata, ranar kasuwa, na dawo daga makaranta sai na ga wasu takalman roba a bakin ɗakin matata. Na san takalman nan. Wallahi nan take gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an yi rasuwa. Na leƙa, ga Inna zaune a kan tabarma, ga matata durƙushe a gabanta da kwanon ruwa.

Na durƙusa daga bakin ƙofa. "Inna, barka da hanya. Ƙaƙa gida? Ƙaƙa Baba?"

Sai ta juya wajen matata ta amsa mata, ba ni ba. Aka gaisa kan gajiya, kan zafi, kan yara, kan mutanen Janbako da shanunsu, ni kuwa na ƙagara in ji abin da ya kawo ta. Sai da ta gama tsaf sannan ta gyara mayafi ta ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa ma mijinki, uban nai ba shi da lahiya."

Na ce, "Subhanallahi! Kwance yake?"

"Ba shi kwance. Shina zuwa gona, shina cin tuwo nai, shina kiran salla."

"To mi ya same shi?"

"Ja nai ya ragu," in ji ta. "Inda duk shika kaiwa da numfashi guda, yanzu sai ya yanke ya sake ɗauka."

Jama'a, dariya ce ta ƙwace mini. Dariyar mutumin da ya zaci mutuwa aka ce masa kiran salla ne ya gajarta. Na ce, "Haba Inna, ai tsufa ne. Baba ba yaro ba ne."

Ba ta ko juyo ba. Ta ce wa matata, "Tsuhwa ba ya hwaɗo ma mutum cikin damina guda. Sallama shika yi tun daga nesa." Sannan ta ci gaba da faɗin abin da ta gani. In zai dawo daga fadama, yanzu sai ya riƙa tsayawa gaisawa da mutanen da da can hannu kawai yake ɗaga musu, ya yi ta jan gaisuwa don ya huta. In ya gama kiran salla ba ya shigowa gida kai tsaye, sai ya zauna a zaure tukuna, hannunsa dafe da ƙirji. Ba tari, ba zazzaɓi, ba komai da za ka nuna wa mutum ka ce ga ciwo.

Ashe ba ita kaɗai ta lura ba. Mutanen unguwa ma sun ji jan ya ragu, sai dai su sun yanke hukunci cewa maƙogwaro ne ya bushe. A wajenmu kuwa kowa ya san maganin bushewar maƙogwaron ladan: maiƙo. Dangin Inna suka riƙa aiko da man shanu daga Janbako, kwarya bayan kwarya. Mahaucin unguwa, wanda dama al'adarsa ce ya ware wa ladan rabonsa ranar yanka, ya koma zaɓo masa kitse da tozo da ƙashi mai ɓargo. Wani ya ce ɗanyen ƙwai da zuma, wani ya ce romon kai. Kowa da zuciya ɗaya yake yi, don neman lada. Ita Inna da hannunta take narka man shanun tana ba shi da safe, tana kuma malala masa a tuwo.

"Na ba shi har na gaji," in ji ta. "Muryar tana nan garau. Iskar ce babu."

Wannan maganar ce ta kashe mini dariya. Da kuma tunanin cewa matar da ba ta taɓa taka gidana ba ta hau motar kasuwa ita kaɗai ta zo. Na san ba ƙaramin abu ne ya fito da ita ba.

Ranar Asabar na tafi Dakko. Na tarar da Baba a zaure, ya yi ɓul-ɓul, kumatu na sheƙi, tumbi ya turo riga. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Malam, hutu ya karɓe ka." In da ido ne kawai, ni ne ma mai kama da marar lafiya. Bayan gaisuwa na lallaɓa na kawo maganar asibiti.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Asibiti na masu ciwo ne. Kai ka ga alamar ciwo a nan?"

Na yi ta kewaye-kewaye, ya yi ta kaucewa. Daga ƙarshe ya rage murya ya ce, "Kai yaro, na san mutanen asibiti. Da sun ɗora mini abin nan a ƙirji za su ce in bar kira. In na bar kira, mi ya rage gare ni?" Nan na gane ba taurin kai ba ne kawai, tsoro ne. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Muka shiga cikin gida, la'asar ta gabato. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta ga fuskata ta san ban yi nasara ba. Sai ta ajiye faifan. Abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ta ɗaga ido ta dubi mahaifina a gabana, ta yi masa magana kai tsaye.

"Malam, ga la'asar nan ta yi. In ka je, ka ja Hayya alas-salah yadda ka ja ta shekarar da anka kawo ni gidan ga. In ka kai ta da numfashi guda, wallahi na bar maganar asibiti, ba ka sake jin ta ga bakina. In ba ka kai ba, ka bi ɗanka."

Baba ya yi wata 'yar dariya. "Wanga shi ne duka?" Ya ɗauki buta ya fita.

Muka zauna ni da ita, tsakaninmu da tazara. Lasifika ta yi ƙara, ya fara kabbara. Muryar nan dai ita ce, mai daɗi, mai cika gari. Ya wuce kalmar shahada yana ɗan yankewa. Da ya zo "Hayya alas-salah" sai na ji ya cika ƙirji, ya kama ta da ƙarfi, ya fara ja. Ya ja, ya ja, har na fara cewa a raina to Inna ta faɗi. Sai muryar ta fara rawa. Sai ta tsinke.

Shiru ya biyo baya, kuma lasifika ba ta da sirri. Duk unguwa muna jin numfashinsa, yana ja yana saukewa da ƙyar kamar wanda ya yi gudu. Na miƙe zan fita da gudu, Inna ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Can ya dawo ya ƙarasa kiran a gajarce. Na waiga, na ga hawaye na zuba a fuskarta, bakinta kuma bai fasa amsa kiran ba.

Bayan salla ya shigo, bai dubi kowa ba. Ya rataye carbinsa ya ce, "Sai ka nemo mota."

Ina da wani abokina likita da muka yi makaranta tare, yana aiki a Mafara. Shi ya fara duba shi, ya saurari ƙirjinsa, ya yi ta tambayoyi. Shekara nawa yana casar shinkafa? Yana tsayawa cikin ƙaiƙayi in ana sheƙa? Yana ƙone karan gona bayan girbi? Baba ya ce tun yana saurayi yake cikin wannan, hayaƙi da ƙaiƙayi ai su ne noma. Abokina ya tura mu wani babban asibiti a Gusau inda ake gwajin numfashi, ya kuma ce zai biyo mu don ya san likitan wurin. Inna ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Gwajin abin dariya ne in ka gani. An matse wa Baba hanci da wani ɗan abu, aka ba shi bututu aka ce ya cika ƙirji ya hura da iyakar ƙarfinsa. Ya cire bututun ya ce, "Ikon Allah! Ni za a koya ma hura iska?" Ya hura, aka ce ya sake, ya sake. Da sakamako ya fito abokina ya zaunar da mu ya ce huhun Baba ya fara rauni, ba ya ɗaukar iska yana fitarwa kamar yadda ya kamata ga mai shekarunsa. Ya ce abin bai yi nisa ba, farkonsa ne, irin matakin da yawancin mutane ba sa ma zuwa asibiti saboda babu tari babu kwanciya.

Na yi ajiyar zuciya na fara tattara takalma. Sai ya ce a'a, saura jini, saura kuma a duba zuciya.

Na ce, "Kai abokina, huhu muka kawo. Mi ya haɗa shi da jini kuma?" Ni a ganina irin na likitoci ne, in ka kai musu ciwon yatsa sai sun leƙa kunnenka.

Ya yi murmushi ya ce, "Ba ku ne kuke cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa ba? Huhu da zuciya ɗaki ɗaya suke kwana. Sau da yawa in muka ga huhun mutum ya fara rauni tun da wuri, in muka bincika sai mu tarar kitsen jininsa ba daidai yake ba, jijiyoyin zuciyarsa ma sun fara ƙuncewa. Ba na ce dole ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba, amma suna yawan tafiya tare. Kuma wannan dafe ƙirjin da Inna ta ce yana yi, shi ne ya fi damuna."

Gaskiyarsa ce. Kitsen jinin Baba, wanda suke kira kolestarol, ya hau sosai, kuma irin marar kyan ne ya yi yawa. Ga hawan jini da bai taɓa sanin yana da shi ba. Gwajin zuciya kuma ya nuna in ya yi aikin ƙarfi, jinin da ke isa gare ta ba ya wadatar da ita. Abokina ya dubi Baba ya ce, "Baba, ka san magudanar ruwan gona in laka ta fara taruwa a cikinta?"

"Ruwa sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan," in ji Baba. "Wata rana kuma ta toshe."

"To haka kitse ke yi wa jijiyar zuciya. Taka ba ta toshe ba tukuna. Da an bar ta, ina jin tsoron wata rana a gona ko a masallaci za a ɗauko ka."

Sai ya tambayi abin da Baba ke ci. Inna ce ta amsa, tana kallon ƙasa: man shanu da safe, man shanu a tuwo, kitse, tozo, ɓargo. Tana faɗa muryarta na raguwa, don ta riga ta gane. Can ta ce, "Ashe da hannuna nika ƙara mai ciwon."

Ba zan manta amsar abokina ba, Allah ya saka masa da alheri. Ya ce, "Inna, kowa a garinku ya ba shi maiƙo. Ke kaɗai kika kawo shi asibiti."

Baba kuwa sai da za mu tashi ya yi tambayar da ke cinsa. "Likita, kiran salla hwa?"

"Ka ci gaba da kiranka, Baba. Ja ne kawai za ka rage. In numfashi ya ƙare ka tsaya ka ɗauki wani, kada ka yi kokawa da shi."

Wallahi sai na ga fuskar tsohon nan ta washe kamar an ce masa ba shi da ciwon komai.

Aka ba shi maganin rage kitsen jini, da na hawan jini, da wani na zuciya, da ɗan abin shaƙa saboda huhun. Aka ce ya bar tsayawa cikin ƙaiƙayi, ya daina ƙone kara, ya riƙa tafiyar ƙasa a hankali kullum, ya kuma riƙa komawa ana duba shi. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Yaƙin yana wajen abinci, kuma Inna ce kwamandan.

Ku tuna a wajenmu mayar da kyauta abin kunya ne, balle kyautar da aka yi wa ladan don Allah. Inna ba ta mayar wa kowa ba. In man shanu ya zo daga Janbako sai ta karɓa da godiya, ta sa albarka, ta rarraba wa maƙwabta masu ƙananan yara. Mahauci kuwa ta aika masa cewa ladan yana godiya, amma daga yau in za a ware rabonsa a ware jan nama zalla, kuma kaɗan. Mutumin ya ɗan ji haushi, wai an raina tozonsa, daga baya ya saba. Gidanmu ya koma zogale, rama, wake, da kifin da ake kawowa daga madatsar Bakalori. Baba ya yi ta mita. Yakan buɗe kwano ya ce, "Wagga miya ko marayu ba a yi ma irinta." Inna ta ce wa bango, "Mai rai shi ka mita."

Akwai ranar da ya je kasuwar Bakura ya dawo yana ta fara'a, ya wanke baki, ya goge gemu tas. Tun daga zaure ta ce, "Wani ya biya wajen mai tsire." Ya rantse ƙanshin ne ya bi rigarsa. Ta ce to rigar ma a gaya mata likita ya hana.

A hankali tumbin ya sauka. Dafe ƙirjin ya ragu har ya zama sai jefi-jefi. Huhun bai koma kamar na saurayi ba, abokina dama ya ce ba zai koma ba, amma ya tsaya inda yake bai ci gaba da lalacewa da sauri ba. Har yau da nake rubuta wannan Baba yana raye, yana shan maganinsa, yana kiran sallarsa. Jan ya gajarta, yana yankewa inda yake buƙata. Wasu sukan ce kiran Malam ya rage armashi. Ni kam ban taɓa jin kiran da ya fi shi daɗi ba.

Abin da na ɗauka daga wannan ba mai tsawo ba ne. Mu mutane ne da ba mu yarda mutum ba shi da lafiya sai mun gan shi kwance, kuma in muka ga ƙiba sai mu ce hutu. In naka ya fara haki a inda da ba ya yi, in ya fara tsayawa a hanyar da ya saba wucewa ba tsayawa, kada ka ce tsufa ne ka yi dariya irin tawa. Ka kai shi a duba numfashin, a duba jinin, a duba zuciyar, tun abin yana ƙarami. Amma gaskiya ba don wa'azi na kawo labarin nan ba. Don mahaifiyata na kawo shi, don ina alfahari da ita, kuma ba zan iya gaya mata a fuska ba.

Abu ɗaya ya daɗe yana damuna: kowa ya ji jan ya ragu, me ya sa ita kaɗai ta tsorata? Ni ba ni da bakin tambayarta, sai na sa matata. Wata rana mun je Dakko, suna zaune suna gyaran zogale, ni ina daga gefe kamar ba na ji, matata ta tambaye ta.

Can ta ce, "Sadda anka kawo ni gidan ga ina yarinya, ban san kowa ba, ba ni da abokin hira. In ya kama ja sai in riƙe numfashina tare da shi, in ga ko ina kai inda shika kaiwa. Wasa ne na ƙuruciya, sai ya zame mini jiki. Na haihu, na aurar, na yi jikoki, ban bari ba, kuma ban taɓa kai shi ba. Kullum ni ka hwara saki." Ta tsinke wani reshe ta jefa a kwarya. "Rannan sai ya yanke, ni kuwa da sauran iska gare ni. Ran da na ci wasan, ran nan na san ba lahiya."

Matata ta ce, "To yanzu fa, Inna?"

Daidai nan lasifika ta yi ƙara, Baba ya ɗaga kabbarar la'asar. Inna ta ajiye zogalen, na ga ƙirjinta ya tsaya cak. Sai da ya kai "Hayya alas-salah" ya sauke, ita ma ta sauke.

Ta ɗauki zogalenta ta ce, "Yanzu tare muka yankewa."